Kanwa Uwar Gami

A cikin birnin Kano namiji yana iya ɓoye bashi, yana iya ɓoye neman aure na biyu har a kai kuɗin gaisuwa, amma ba ya iya ɓoye girki. Katangarka ita ce ta maƙwabcinka, lungun ko mai baro da ƙyar yake ratsawa, hayaƙin murhunka kuwa sai ya gaida gida uku kafin ya kama hanyar sama.

Uwargida ce ta tafi Zariya bikin ’yar ƙanwarta, ta bar ni da yara. Tana ɗaura mayafi ta ce, “Malam, kada ka wahalar da kanka. Ka riƙa aikawa a sayo musu garau-garau, ko a karɓo gurasa a Jakara.” Maganar ta sosa mini rai. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 nake yi mata wa’azin tattali, kullum ina tambayar inda kwanon wake ya shiga. Ga dama ta samu in nuna mata a aikace, sai in ɓige da bin gidan masu gurasa? Na ce wa yara yau ɗanwake za a ci, kuma daga hannun ubansu. Babbar ’yata ta dube ni, ta dubi ƙannenta, ta ce, “To, Allah Ya sa mu gani da alheri, Baba.”

Na zaɓi ɗanwake ne don ba shi da tuƙi, ba shi da talge, ba a neman muciya. Garin wake ne da na rogo, sai kuka, sai ruwan kanwa, a kwaɓa a jefa a tafasasshen ruwa. Komai na samu a ɗakin girki ban da kanwa, wadda daga baya na ji ashe tana cikin gwangwanin madara. Wa zai nemi kanwa a gwangwanin madara?

Sai na nufi Kurmi. Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, take ci, kuma fatake sun daɗe suna sauke mata kanwa daga ƙasar Barno da yankin Tafkin Cadi. Ban jin a duk tsawon wannan tarihi ta taɓa samun mai saye irina. Dattijon da na tsaya wurinsa ya ce, “Alhaji, ungurnu kake so ko ja? Ta girki ce ko ta dabbobi?” Na ce ya ba ni wadda ta fi ƙarfi. Ya yi shiru, ya ƙulle mini wani dunƙule, ya bi ni da addu’a.

Da na dawo na kira uwargida a waya, a fakaice, wai ina tambayar hanya. Can na ce, “Af, wai kanwa nawa ake sa wa ɗanwake?” Ta ce, “Kaɗan.” Kuka fa? “Daidai.” Ruwa fa? “Idonka zai gaya maka.” Jama’a ku yi mana alƙalanci. Mai awo a Kasuwar Rimi yana da kwano, tela yana da tef, likita yana cewa cokali biyu safe da yamma. Matan Hausawa kaɗai ne suke ciyar da al’umma guda da “kaɗan” da “daidai”, kuma in ka matsa da tambaya su ce ai abin a hannu yake. Ni dai na dubi dunƙulen nan, na tuna buhunan da na gani a Kurmi, na ga lallai kaɗan ne. Na jiƙa shi duka.

Kwaɓin farko ya yi ruwa. Ina jefawa yana narkewa, har tukunya ta koma koren kunu. Na ƙara gari. Ya yi tauri, na ƙara ruwan kanwa. Ya saki, na ƙara gari. Haka muka yi ta ja-in-ja har garin da uwargida ta tanada na wata guda ya taru a roba ɗaya. Ganin aikin zai kai ni la’asar in na tsaya yin ƙanana, sai na riƙa sakin manya, kowane kamar ƙwallon mangwaro. Ba wanda ya gaya mini ana yayyafa ruwan sanyi in kumfa ta taso. Ta taso kuwa, ta yi ambaliya, ta kashe gawayin, toka ta turnuƙe tsakar gida.

Ta kan katanga na ji muryar Gwaggo, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu: “Wai rini kuka koma yi a gidan nan? Ai da kun kai Ƙofar Mata, can akwai karofi.” Na ce, “Lafiya lau, Gwaggo, ɗan gyare-gyare nake yi.” Ta ce, “Ai na ji gyaran a maƙogwarona.”

Duk da haka na tsame, na soya man gyaɗa da albasa, na barbaɗa yaji, na yanka dafaffen ƙwai a kai don kwalliya. Launin ya fita wani ja-ja baƙi-baƙi. Yara suka zauna, suka yi bisimilla da ƙarfi fiye da kullum. Autana ya gatsa, garin cikin ya watse masa a baki, ya ce, “Baba, nawa bai mutu ba.” Sauran suka tsince ƙwan suka ce sun ƙoshi. Ni kuwa don kare mutunci na cinye guda uku ina cewa, “Ku ba ku san abinci mai gina jiki ba.”

Ana haka almajirinmu ya yi sallama. Na cika masa roba, ina murna ko ba komai na samu lada. Ba a jima ba ya dawo, ya durƙusa, ya ce, “Baba, wai in ji abokaina, Hajiya yaushe za ta dawo?” Robar tana nan yadda na ba shi.

Bayan magariba kwanuka suka fara shigowa. Tuwon dawa da miyar kuka daga Gwaggo, dambu daga gidan liman, wani gidan da ko gaisawa sosai ba ma yi suka aiko da shinkafa da wake. Kowace ’yar aike sai ta ce, “Wai a gaida Malam da aiki.” Yara suka ci har da siɗe kwano. Ni ban samu zama ba, domin kanwar Barno ta fara aikinta, na kwana ina sintiri da buta.

Da asuba, kafin in kai masallaci, uwargida ta kira daga Zariya. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, “Malam, an ce dunƙule guda ka jiƙa?” Har yau a majalisar ƙofar gida in na doso sai wani ya yi gyaran murya ya tambayi farashin ungurnu.

Roƙona ga iyayenmu mata, don Allah in za ku yi tafiya ku rubuta awon a takarda, da cokali da kofi, ku liƙa a jikin gwangwanin. Kuma a daina ajiye kanwa a na madara.