Yadda Ake Saukar Jatan Lande a Gida Tukunya Ba Ta Ji Labari Ba

Kafin ka sayi akwatin gilashi, tara iyalinka ka yi musu jawabi. Faɗa musu jatan landen da zai shigo gidan nan baƙo ne, kuma ba a jefa baƙo a miya. Maimaita sau uku, don idon uwargida ya saba ganinsa a bushe, a mudu, kusa da daddawa. Ranar da gwaggota ta fara leƙa nawa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗan nan, yaushe za su isa ci?" Na ce, "Gwaggo, ai waɗannan na kallo ne." Yanzu in ta zo, sai ta ƙirga su kafin ta amsa gaisuwa.

Sai zaɓen baƙo. Kogunanmu na Afirka ta Yamma suna da nasu, ba sai ka nemi jan jatan landen Taiwan ba. Ɗaya daga cikin manyansu shi ne Atya gabonensis, wanda ake samu a Kwara da Binuwai, har masunta na kama shi a wajen Makurɗi. Yakan kai santimita 15, ga jiki kamar ɗan dambe, amma ko ƙuda ba ya iya kashewa. A maimakon farata yana da wasu 'yan mafitai a hannuwansa. Sai ya hau dutse inda ruwa ke gudu, ya buɗe su, ya tace abin da ruwa ya kawo, ya kai baki, kamar mai sheƙar hatsi da faifai. Ajiye shi don kallo, kada ka sa rai da jikoki: 'ya'yansa sai sun gangara ruwan gishiri-gishiri na bakin teku kafin su girma. Haka ma Macrobrachium vollenhovenii, wanda ya ƙara da faɗa. In ka haɗa shi da ƙananan kifaye da daddare, da safe shi kaɗai zai gaishe ka.

In zuri'a kake so, nemi Desmocaris trispinosa, ɗan ƙarami mai santimita uku zuwa huɗu, mazaunin fadamun kudancin Najeriya, wanda ke maƙale a saiwar ciyayin da ke yawo a kan ruwa. Ƙwansa manya ne, ba su da yawa, kuma ɗan yana fitowa da kamannin uwarsa, ba ruwansa da teku.

Yanzu ɗakin baƙo. Ga ɗan ƙaramin nan, akwati mai cin lita 40 ya isa. Zuba yashin rafi da ka wanke, jera duwatsu, sa guntun tulu ko biyu don maɓoya, ka watsa kainuwa a sama. Kainuwa dashen Allah, ba ta neman taki, saiwarta kuma ita ce gado da kicin ga ƙananan. Sa matacin soso mai aiki da famfon iska, don matacin da ke zuƙa da ƙarfi haɗiye jarirai yake yi. Rufe da murfi, baƙon nan gwanin hawa bango ne.

Daga nan sai ka naɗe hannu. Bar akwatin yana aiki babu kowa a ciki har mako huɗu zuwa shida, kana ɗan jefa ƙwayar abincin kifi lokaci-lokaci. A wannan zaman ne ƙwayoyin halitta masu amfani ke tarewa a cikin soson, su ne za su riƙa mayar da amoniyar da ke cikin kashi ta zama abin da ba ya kisa. Maƙwabta za su zo su tsaya gaban ruwa zalla su tambaye ka ina kifin. Ba su kujera, ka ce ango yana hanya.

Ruwan famfo yana da sinadarin kulorin, don haka sa maganin cire shi. In na rijiyar burtsatse ne mai nauyi, sirka da ruwan sama mai tsabta. Ranar tarewa kada ka juye su kai tsaye: sa su a roba da ruwan da suka zo da shi, kana ɗiga na akwatin kaɗan-kaɗan har awa guda.

Ga abin da nake roƙonka da babbar murya. Jatan lande ɗan'uwan ƙwari ne, abin da ke kashe sauro yana kashe shi. Igiyar leƙo, fiya-fiya, maganin feshi, duk kada su kusanci ɗakin. Na taɓa rasa guda goma sha biyu a dare ɗaya saboda an fesa magani a falo, kuma har yau abin yana min ciwo. Maganin kifi mai jan ƙarfe a ciki shi ma guba ne gare su. Wanke hannu da ruwa zalla kafin ka tsoma, musamman in ka shafa mai ko turare.

Zafi ma abokin gaba ne. Sun fi sakewa tsakanin digiri 24 da 28. A Maris da Afrilu, lokacin da Kano da Sakkwato ke haura 40, nisanta akwatin da taga, ka juya masa fanka tana kaɗa saman ruwan, dabarar da randa ke sanyaya ruwa ke nan. Tanadi famfon iska mai batir saboda ranar da aka ɗauke wuta.

Abinci kuwa, riƙe karamcinka. Ɗan ganyen alayyahu ko zogale da aka tafasa, sau biyu ko uku a mako, ka kwashe saura bayan 'yan awoyi. Jefa busasshen ganyen gwaba ya jiƙa, gansakukar da ke fitowa a kansa ita ce tuwonsu.

Wata safiya za ka ga wani fari fat kwance a ƙasa, ga ƙafafu ga gashin baki. Kada ka aika a sanar da dangi. Saɓa ce ya yi kamar maciji, mai rigar yana cikin guntun tulu yana jiran sabuwa ta yi ƙwari. Bar masa tsohuwar, zai cinye ta don sinadarin kalsiyam. Bayan irin wannan saɓar ne mace ke karɓar namiji, sai ka gan ta da ƙwai a ƙarƙashin ciki, tana yi musu fifita da 'yan ƙafafunta dare da rana na tsawon makonni. Kada ka canja ruwa fiye da kashi ɗaya cikin goma a mako a lokacin.

In ka ga cikinta ya koma wayam, kashe fitilar ɗaki, haska tocila a saiwar kainuwa, ka kira Gwaggo ta zo da tabaranta.