Ƙahon da ke Bayan Motar Alhaji

Duk mai bin hanyar Ɗorayi da sassafe, lokacin da ma'aikata ke rububin tafiya Sharaɗa da Chalawa, ya san motocin nan 'yan Beljiyam, irin su Sharan da Golf da Fijo 406 mai dogon baya, waɗanda wani ƙarfe ya leƙo daga ƙarƙashin bambarsu, ya lanƙwaso sama da dunƙulallen kai. Tambayi masu su amfaninsa ka sha fatawa. Wani zai ce turken ragon layya ne. Wani ya ce maganin 'yan Adaidaita Sahu ne, kuma yana da hujja, don duk ɗan sahun da ya taɓa sumbatarsa a cunkoson Kabuga, daga ranar ya san darajar birki.

A Jamus da Holan, inda motocin suka ci ƙuruciyarsu kafin su biyo jirgin ruwa zuwa Kwatano, ɗaki ake ja da shi. Ɗaki sosai mai taya, da gado da murhu da banɗaki, Bature ya maƙala shi a bayan mota ya tafi hutun bazara. A nan kuwa in aka ga magidanci yana jan ɗakinsa a titi, kafin azahar labari ya zaga unguwa cewa mai gidan haya ya yi masa kora da hali.

Can lallaɓa ƙwallon kan ƙarfen nan ake yi kamar amarya. Kaurinsa milimita 50 ne cif, in ya cinye ya koma ƙasa da 49 a sauya shi. In tsohon maƙali ne za a ɗora masa, a shafa giris. In kuwa irin na zamani ne mai damƙe ƙwallon don hana ɗakin rawa a kan hanya, giris haramun ne: sai a kankare fenti da tsatsa da samfefa, a goge tas, ya zama ƙarfe tsirara. In an gama a sa masa hular roba.

To kai shi wurin bakanikenmu ka ce kada a shafa giris, ka ga kallon da zai yi maka. “Haba Alhaji, ƙarfe ba mai? Ai zalunci ne.” Sai ya lafta masa dunƙule guda, ya bi da baƙin mai don ihsani. Ƙurar hunturu ta zo ta kwanta, abin ya zama ƙulli mai cin ƙarfe. Ranar Juma'a Alhaji ya zagayo ɗauko darduma a but, farar shadda ta karɓi rabonta, ƙwauri ma ya karɓi nasa. Yaran unguwa sun san salatin da ke biyo baya, har jiransa suke yi.

Babban aikinsa dai sai ranar da motar aboki ta mutu a hanyar Bompai. Kiran janwe kuɗi ne, mu kuwa ba ma biyan abin da zumunci zai iya yi kyauta. Sai a nemo igiya, ta rijiya ko ta shanya, in ta gaza a ƙulla da tsohon bel, a zarga a ƙahon, a rataya baƙar leda a tsakiya wai alama. Na gaba ya figa, na baya ya rungume sitiyari yana karanto duk addu'ar da ya sani. In ɗan KAROTA ya ɗaga hannu, a ce masa, “Yallaɓai, nan gaba kaɗan za mu.” Nan gaba kaɗan ɗin Panshekara ce.

Nan kam raha ta ƙare. Ba a ƙera ƙwallon nan don fizga ba. Igiya kan suɓuce daga kansa, kuma in tsatsa ta ci gindinsa yakan tsinke ya yi baya da ƙarfin da zai fasa gilashi, da kan wanda ke bayan gilashin. Kusan kowace mota tana da zoben ja nata, wasu a ɓoye bayan ɗan murfi a bamba.

Saboda haka Alhaji, in ba ɗaki za ka ja zuwa Tiga ba, kai motar gareji a kwance shi, 'yan gwangwan na Ƙofar Ruwa za su saya. In kuma ka ƙi don kwarjini, yanka tsohon ƙwallon tanis ka rufa masa, ka tausaya wa ƙwaurin jama'a.