Ƙa'idojin Miƙa Aikin Hakaton Daga Ƙasar Rano

Hakaton, wato gasar da ake kasa matasa masu ilimin kwamfuta rukuni-rukuni, a ba su awa 24 ko 48 su ƙirƙiri manhajar da za ta warware wata matsala, ta ƙara yaɗuwa a Najeriya bayan ƙaddamar da shirin horar da matasa fasahar zamani na 3MTT a 2023, har iskarta ta kaɗo Rano, ƙasar Autan Bawo. Ba za a tsaya bayanin yadda ake rubuta manhajar ba, domin duk wanda ya taɓa shiga ya san cewa nan ne wuri mafi sauƙi.

Ƙa'ida ta farko ita ce rabon aiki, wanda bisa al'ada mutum ɗaya ke rubuta manhajar, na biyu ya yi ta sauya launin tambarin rukuni, sauran kuma su duƙufa wajen turo "Allah ya ba da sa'a" a zauren WhatsApp. Kada a kuskura a damƙa wa ɗaya daga cikin masu addu'ar nan kalmar sirrin GitHub, ma'ajiyar da alƙalai ke duba aiki a cikinta, domin shi ne zai tafi ɗaurin aure Kibiya ranar miƙawa, wayarsa kuma a kashe.

Ta biyu ta shafi bidiyon minti uku da ake nuna yadda manhajar ke aiki, wanda ɗaukarsa ba ta da wuya in an roƙi masu injin markaɗe su dakata, amma ɗora shi a intanet ibada ce mai zaman kanta. Za a ɗauke wuta daidai lokacin, duk da cewa madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina zamanin Audu Bako, na nan kusa tana kallo. Sai a garzaya shagon mai caji, a tarar janareta na ruri amma sabis ya yi ɓatan dabo. Daga nan shugaban rukuni zai haye ɗaya daga cikin duwatsun garin, ya ɗaga waya sama da hannu biyu kamar mai roƙon ruwa, yana kallon ɗan layin nan na ɗora bidiyo yana tafiya har kashi 97 cikin ɗari, inda zai tsaya cak, sannan saƙo ya shigo cewa data ta ƙare. Wanda ya tsara shafin da ke komawa farko idan sabis ya yanke, alhali an ce gasar ta kowa da kowa ce, wallahi yana da bayanin da zai yi gobe kiyama.

Ta uku an manta ta a kan dutse.

Ta biyar, ko ta huɗu ce, batun wa'adi ne, domin masu gasar ƙasashen waje kan rubuta 11:59 na dare da agogon yammacin Amurka, wanda Najeriya ke gaba da shi da awa 8 ko 9 gwargwadon lokacin shekara. Ma'anar haka ita ce rukunin da ya sauko daga dutse yana zargin juna tsakar dare yana da sauran lokaci har hantsi, sai dai ba wanda zai lura, saboda an riga an cire wanda ya iya lissafin daga zaure. Mai son lafiyarsa ya shiga mota ya tafi Kano tun ana gobe.