Istiharar Baffa da Biranen Suwizalan

Ƙasar Suwizalan, wadda Jihar Neja kaɗai ta kusa ninka ta biyu a faɗi, Allah ya hore wa mutanenta harsuna huɗu, da jihohi 26, da jami'a a kusan kowane babban gari, har ya zamana duk wanda aka ce ya zaɓi inda zai yi karatu a cikinta, an ɗora masa jarrabawa tun bai shiga aji ba. Wannan jarrabawa ita ta faɗo mini sa'ad da takardar tallafin karatu ta iso, bisa sharaɗin ni da kaina zan nemi jami'a da shehin malamin da zai karɓe ni. Kuma da yake a gidanmu ba a yanke al'amari mai nauyi sai da mushawara, aka shimfiɗa buzu da tabarmi a zauren Baffa bayan la'asar.

Baffa, wanda ya tsufa tsakanin Risala da Muhtasar, bai tambayi komai ba sai wace ce ta fi daɗewa. Da aka ce masa ta Basel ce, an kafa ta a 1460, shekara uku kafin Muhammadu Rumfa ya hau gadon sarautar Kano, sai ya gyara rawani ya ce magana ta ƙare, domin ilmi a bakin tsofaffi ake ɗaukarsa. Taubashina na Maraɗi, wanda ya yi boko da Faransanci kuma yake ganin duk wanda bai iya shi ba bai gama wayewa ba, ya ce atafau sai Janiba, inda ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya yake, inda kuma aka kafa ƙungiyar agaji ta Red Cross a 1863. In an ƙi, to Lozan, a bakin tafki guda. Goggo ta leƙo daga bayan asabari ta ce ita dai a kai yaron nan inda sanyi ba zai kashe shi ba, aka ce mata sai Lugano, kudu da duwatsun Alps, inda ake Italiyanci. Amma da Baffa ya ji a 1996 aka buɗe jami'ar garin, ya ce ba zai miƙa ɗansa ga makarantar da rawaninsa ya girme ta ba.

Taubashi, don ya dagula lissafi, ya kawo labarin ƙuri'ar da mutanen ƙasar suka kaɗa a 2009 ta hana gina sabuwar hasumiyar masallaci, alhali huɗu ne kacal a ƙasar duka. Zaure ya yi tsit. Can sai Baffa ya yi fatawa cewa hasumiya ba ta cikin sharuɗɗan ingancin salla, a ci gaba.

Ni kuwa tuni zuciyata ta tsaya a kan Zurik, birni mafi girma a ƙasar, saboda babbar makarantar fasaha da aka kafa a can a 1855, wadda Albert Einstein ya yi karatu a cikinta. Taubashi ya tuna mini cewa shi Einstein ɗin da ya gama a 1900 bai sami aiki a makarantar ba, sai da ya gangara Bern ya zama ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire, kuma a can ya rubuta abin da ya girgiza duniya a 1905. Na ɗauki wannan a matsayin hassada irin ta taubasai. Baffa ya ce a bar shi ya yi istihara. Da gari ya waye ya ce bai ga gari ba, bai ga makaranta ba, shanu ya gani masu ƙiba, kowace da ƙararrawa a wuya, kuma shanu a ta'abirin mafarki arziki ne. Na ce, "Allah gafarta Malam, ai banki mafi girma a ƙasar ma hedikwatarsa a Zurik take." Ya dube ni ya ce, "To, ɗana, je ka."

Na duƙufa ga Jamusanci, na haddace nahawunsa da sarafunsa har ina iya i'irabin jimla mai tsawon layi biyar, ga fi'ili ya maƙale a can ƙarshe yana jiran mai haƙuri. Ranar da na sauka, na tsaya gaban mai sayar da tikiti na zuba masa gaisuwa da fasaha, ya amsa mini da wani abu daga can cikin maƙogwaro wanda ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Ashe Jamusancin littafi na jarida ne da lacca da takardun hukuma. A titi da kasuwa nasu karin suke yi, wanda Bajamushen Hamburg ma sai ya kasa kunne. Da ya ga na yi zuru, ya juya ya yi mini Ingilishi mai kyau, harshen da na baro a gida.

Musiba ta gaskiya kuwa ɗaki ce. Duk inda aka ce akwai ɗakin haya, sai in tarar da layi tun daga ƙofa har ƙasan bene, kamar layin fetur ranar da aka ce mai zai yi tsada, kowa riƙe da fayil. A wani gida ɗalibai uku suka zaunar da ni a kicin, suka zuba mini shayi mara sukari, suka shiga yi mini tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, mace guda tana rubutawa. Shin na san kwalba da kwali da gwangwani kowane da ranarsa da wurinsa, kuma sauran shara ba a zuba ta sai a ledar hukuma wadda ake saya da kuɗi? Na ce na sani yanzu. Shin me nake yi don nishaɗi? Na jero musu silsilar malamaina har zuwa kakan Baffa. Shin ina da hayaniya bayan ƙarfe goma na dare? Na tabbatar musu, cikin alfahari, cewa ni da wuri nake kwanciya, domin kafin alfijir nake tashi in yi tilawa da murya, da cikakken tajwidi. Mai rubutu ta ajiye biro. Suka raka ni bakin ƙofa da ladabi mai yawa, har ɗaya ya riƙe mini takalmi.

Ƙarshenta wani magidanci Baturke da muka haɗu a masallacin Juma'a ya haɗa ni da wata tsohuwa a wani ƙauye can yamma, mai ɗaki a saman garken ɗanta. Na buɗe taga da safe, sai ga su nan reras, jajaye masu ƙiba, kowace da lamba a kunne da ƙararrawa a wuya, suna kaɗa ta tun asuba, agogon majami'a kuma yana taya su kowane kwata. Jirgin ƙasa yana tashi ƙarfe 6:42, kuma na ga an rufe ƙofarsa a fuskata ina tsaye ina amsa gaisuwar tsohuwar. Da na duba taswira da kyau, na ga ƙauyen ya fi kusa da Basel nesa ba kusa ba. Cefane ma sai na tsallaka Jamus, inda nama da shinkafa suka fi araha.

Na buga wa Baffa waya na zayyana masa duka. Ya yi hamdala a kan shanun, ya tambayi nawa ake sayar da bijimi a can, sannan ya ce mutane sun dame shi da tambayar wane gari nake. Na ce ya gaya musu a Zurik nake karatu, a ƙauye nake kwana, a Jamus nake cefane. Ya ce wannan ya yi masa tsawo. Taubashi ya rubuto mini daga baya cewa yanzu duk wanda ya tambaya, Baffa yakan ce, "Yana cikin jirgin ƙasa, a sa shi a addu'a."