Masarar Baba Ta Sha Takina

A buhun yuriya mai kilo 50, kilo 23 ne kacal sinadarin naitirojin, wanda shi ne masara ke nema ta yi kore shar. Na iya wannan lissafi tun ban mallaki ko fatanya ba, domin malamin lissafi ne ni a wata sakandare, kuma da shi na riƙa cika baki a shekarar da na karɓi aron rabin hekta a bayan Kura, cikin filayen da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa. A 1974 aka kammala madatsar. Akwai waɗanda a cikin noman ranin nan aka haife su, a cikinsa kuma furfura ta same su. Ni kuwa na iso musu da littafi mai layi, da jan biro a aljihu, da waya maƙare da bidiyon manoman Indiya da Isra'ila.

A bidiyon ne na ga ana narka taki a ruwa, shuka na ci tana sha lokaci guda, babu mai sunkuyawa gindin kowace masara ya tona ya binne. Bayana dama ba ya shiri da sunkuyo. Na zauna na tsara komai. Malaman gona na ba da shawarar kilo 120 na naitirojin a hekta ɗaya ta masara, da kilo 60 na fosfarus, da kilo 60 na fotash. A rabin hekta, buhu huɗu na kamfa 15-15-15 ya biya fosfarus da fotash, ya kuma biya rabin naitirojin. Wannan na sa aka binne lokacin shuka kamar kowa. Saura kilo 30, wato yuriya buhu ɗaya da kusan sulusi, shi na ware wa fasaha. Kuɗin sayensa daga adashin uwargida na ranta, da alkawarin biya da riba in masara ta nuna.

Gonar da ke ƙasa da tawa ta wani dattijo ce, lambatu ɗaya muke sha, sai ruwa ya gama da ni yake gangarawa wurinsa. Ranar da masara ta kai gwiwa na sauke duro a bakin lambatu, ya dogara fatanyarsa ya tsaya kallo.

"Malam, wanka za a yi wa masarar?"

"A'a Baba, taki da ruwa za su tafi tare. Haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba."

"To, Allah Ya amfana. Shi dai ruwa bai san mai shi ba."

Na yi murmushi irin wanda nake yi wa ɗalibin da ya ba da amsa ba daidai ba.

Yaron da ke taya ni ban ruwa ya zazzage yuriya a duro, ya sa sanda yana juyawa. Can ya tsoma hannu, ya zabura ya ja da baya yana a'uziyya. Ruwan da muka ɗebo da ɗumin rana ya koma sanyi ƙalau, jikin duron har da raɓa. Ya rantse ba zai ƙara taɓa shi ba. Na yi masa bayanin cewa yuriya na zuƙe zafin ruwa yayin da yake narkewa, ya ce ya ji, amma shi dai daga nesa zai ci gaba da aiki. Ni na ƙarasa juyin da kaina, da farar shadda.

Aka buɗe bakin kwamin farko. Na karkata duro na tuttule kusan rabi a tashi ɗaya. Kwami biyu na farko suka shanye shi tas. Daidai nan aka kira azahar, kuma shugaban makarantarmu ya bugo waya, waya irin wadda ba a katsewa. Na yi salla, na gama "to ranka ya daɗe", na dawo da ƙarfina na juye sauran rabin a lambatu, na ɗauraye duron na ƙara zubawa don kada ko ƙwaya ta tafi a banza. Ina kallon ruwan yana gudu ina jin daɗin saurinsa. Sai na hango yaron can ƙarshen gona yana wanke ƙafa. Ashe tun ina waya ya cika kwamina duka, ya toshe bakunansu da laka, ya saki ruwa ga mai bi mana. Baba na tsaye a gonarsa yana buɗe kwami ɗaya bayan ɗaya, cikin natsuwa, har yana ɗago mini hannu.

Yuriya, kafin ya juye a cikin ƙasa, ba ya manne mata. Duk inda ruwa ya sa gaba nan yake bi. Wannan ma yana cikin littafina, da jan layi a ƙarƙashinsa.

Ba a jima ba gona ta fara ba da sakamako. Kwami biyun farko gefen ganyensu ya ƙone ya nannaɗe. Sauran suka yi fari-fari, ganyen ƙasa na yin rawaya daga tsini yana bin tsakiya, alamar yunwar naitirojin wadda ni da kaina nake nuna wa mutane a waya. Masarar Baba kuwa ta yi kore har tana ɗaukar baƙi, kara ya yi kauri, ta riga ta kowa bunni, goyo bibbiyu. Masu babur na tsayawa a kan hanya suna tambayar wane taki ya sa. Ya ce musu addu'a ce da maƙwabci nagari. Uwargida ta zo gani da ido, ta dubi nan ta dubi can, ta ce, "Abban yara, ko can ce tamu ka manta?"

Da wani ne da ya haƙura. Ni sai na yanke cewa laifin lambatu ne, abin da ya dace da mutum irina shi ne ban ruwa na ɗigo. Na ba duk mai son ji da marar so labarin Simcha Blass, injiniyan Isra'ila da aka kafa kamfanin Netafim a kan dabararsa a 1965 a Hatzerim, cikin hamadar Negev. Rani na zagayowa na ware wani ɓangare na dasa tumatir, na shimfiɗa siraran tiyo masu ƙananan huji, na ɗora tanki a kan turaku. Tsakanin tankin da tiyon akwai wata 'yar matata. Na lura tana rage wa ruwa gudu, na kwance ta na ajiye a but ɗin mota.

Na fara da kamfa, tunda shi ne a hannu. Ya kwana a ruwa, ya bar laka a gindin duro, domin ba don narkewa aka yi shi ba, akwai abin da aka cike shi da shi da wanda aka lulluɓe ƙwayarsa. Na juya lakar da kyau na aika ta tare. Da gindin 'ya'yan tumatir ya fara baƙi, aka ce mini ƙarancin kalsiyom ne, na nemo takin kalsiyom nitiret. Akwai ragowar takin DAP mai fosfet a shago, na ce a haɗa a huta. Ina zubawa ruwan ya turnuƙe ya yi fari, ya yi kauri kamar kunun kanwa. Na buɗe famfo.

Washegari babu huji ɗaya da ke ɗiga. Da dare na kwaso yarana, kowa da allura da tocila, muna bin layi a durƙushe muna tsokana. Ni da na gudu daga sunkuyo. Inda allura ta shiga da kyau, ruwa ya daina ɗigo ya koma tsartuwa, wani har fuska.

A haka wani malamin gona ya same ni da safe, jiƙe sharkaf. Ya leƙa tanki, ya shafo farin da yatsa, ya tambayi ina matata. Na nuna mota. Ya yi shiru na ɗan lokaci, ina ganin yana neman hanyar da zai bi da malamin makaranta. Sannan ya ce kalsiyom ba ya zama tanki ɗaya da fosfet ko salfet, in suka haɗu dasƙarewa suke yi, shi ya sa ake ajiye duro biyu. Ya ɗauko gorar ruwa da aka yar, ya ce duk haɗin da zan yi in fara gwada shi a ciki. In ya yi gari ko ya kwanta, to ya tsaya a gorar. Fosfarus kuma ba ya tafiya nesa a ƙasa, gara a binne shi tun shuka, a bar wa ruwa masu narkewa tas irin yuriya. Ya zana layi a ƙasa ya raba shi huɗu: kashi na farko ruwa zalla har tiyo su cika, biyu na tsakiya da taki, na ƙarshe ruwa zalla a wanke hanya. Kuma kaɗan-kaɗan kowane mako, gwargwadon girman shuka, musamman a ƙasa mai yashi da ba ta riƙe komai. In daga rijiya ake jan ruwan, a sa abin da ke hana shi komawa baya, kada injin ya mutu taki ya zuƙe ya koma inda mutane ke sha.

Na tambaye shi batun lambatu, a matsayin labarin wani abokina. Ya ce abokin nawa ya fara auna minti nawa kowane kwami ke ɗauka ya cika, ya sa wa duro ɗan famfo yana zuba daidai-wa-daida tun daga kwamin farko har na ƙarshe, ya toshe wutsiyar gona, ya kuma kashe waya. Ban gaya masa akwai waya a labarin ba.

Da yamma sai ga Baba da kwandon ɗanyar masara a bayan keke, ya ce a kai wa yara. Muka gaisa, ya yi mini jajen tumatir, ya dubi tiyon da muka huhhuda ya girgiza kai.

"Malam, wannan na bana bai yi ba. Bai ma iso wurina ba. Ka koma irin na bara."

Na ce ina tunani a kai.

"In za ka koma, ka raba shi biyu, rabi tana gwiwa, rabi gab da bunni. Na bara ya ɗan yi mata yawa a tashi ɗaya."