Ɗan Gwaggo da Ambulan Mai Ido Ɗaya

Ɗan Gwaggo, saƙonka ya iso Rano a hannun ɗan acaɓa, kuma yaron ya ƙi tafiya sai ya ga na buɗe, wai tun daga Kibiya yake son sanin abin da ke tara masa tururuwa a aljihu. Katin ɗaurin auren 'yarmu ne, Allah ya sanya alheri. Ambulan ɗin da ka zuro shi a ciki kuwa, sai mun zauna.

Daga waje fari ne tas. Ina ɓamɓare bakinsa sai ga wani ɗan takarar majalisa yana yi mini murmushi daga ciki, ido ɗaya, rabin hula, da guntun alkawarin rijiyar burtsatse. Ashe fastocin zaɓen 2023 da suka yi kwantai ka kwaso, ka juya bayansu. Bawan Allah bai kai Abuja ba, amma ka kawo shi Rano.

Na warware shi a kan tabarma don in ga asirin, kuma dole in sara maka, ko da hannun hagu ne. Ka yanka takardar kusurwa huɗu daidai wa daida, ka ɗora katin a tsakiya a karkace, ka naɗo kunnen dama da na hagu, ka ɗago na ƙasa ya hau kansu, na sama ya zama marfi. Ka bar sarari kamar faɗin farce don katin ya shiga ya fita ba gardama. Naɗin kuma ya kwanta lif, na san da gindin cokali ka murje shi. Wannan aiki ne na mai haƙuri, ko na wanda ya rasa abin yi bayan an kai amfanin gona gida.

To me ya kai ka liƙewa da koko? Ƙaro ya ƙare a dajinku ne? Ko kullun rogo ka dama ya yi kauri, ai da ya riƙe. Kai sai ka tsoma yatsa a kokon karin kumallonka, har da sukarinsa. Gayyar mutane ka yi niyya, tururuwa suka riga kowa amsawa.

Na san za ka ce takarda ta yi tsada, kuma ban musa ba. Masana'antun takarda da gwamnati ta kafa a Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe da gaza wadatar da ƙasar nan, farar takarda sai an sayo daga waje da dala. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, masu buga kati a Kano suke kuka da farashinta. Sai dai kai tun takarda na araha na san ka da juya bayan kalanda.

Mu a Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, garin Autan Bawo, mun ga takarda tun ana ɗauko ta a bayan raƙumi. Malaman da can a kan 'yar Italiya mai tambarin wata uku suke rubutu, a naɗe wasiƙa a sa a gafaka, manzo ya rataya. Ba a taɓa jin ƙwaro ya tare shi a hanya ba. Ka kuma tuna, tun 2024 Kibiya da Bunkure ƙarƙashin masarautar Rano suke, don haka in za ka rubuto wa manyanka, ka wanke hannu tukuna.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne nauyin ambulan ɗin. A ƙasar nan in an ce an kawo wa mutum ambulan, kowa ya san ba don kyan naɗi yake taɓa shi ba. Sau uku na zazzage naka, ga watan Cika-ciki ya wuce, kuɗin sharar da muke musu a kai kowace shekara ko ƙamshinsu babu. Tururuwa biyu ne suka faɗo.

Ranar ɗaurin aure ina nan tafe. Gudummawata a cikin ambulan ɗinka za ta zo, na sake liƙe shi da ƙaro na gaske. Kada ka buɗe a gaban surukai.