Wasiƙar Cigiya Zuwa Ga Naira Biyar

Gwaggo Biyar,

Ina fata wannan takarda za ta same ki a duk inda kika ɓuya. Na bi mai shayi da mai kayan miya da yaran mota ina cigiyarki, kowa sai ya kama baki ya ce rabonsa da ke har ya manta launin zanenki. Wata yarinya mai tallan goro ma cewa ta yi, "Biyar kuma, Baba? Ko dai ɗari biyar kake nufi?"

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba a taɓa sanar da rasuwarki ba. Ba a yi jana'iza ba, ba a yi sadakar uku ba, gidan rediyo bai karanto sunayen waɗanda kika bari ba. A takarda kina nan da ranki. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ma ta ce duk wanda ya ƙi karɓar naira a ciniki ya yi laifi, tarar naira 50,000 ko zaman kaso na wata shida. Da za a bi wannan doka a kanki, da yanzu rabin 'yan Kasuwar Kurmi suna gidan yari, almajirai na biye da su.

'Yan baya ba su san ko ke wace ce ba, don haka bari in tuna musu. Ranar 1 ga Janairun 1973, zamanin Janar Gowon, aka sallami fam da sule, kuka shigo ku huɗu: kwabo hamsin, naira ɗaya, ke, da yayarki Goma. Ita kaɗai ce gaba da ke. A lokacin idan aka kai ki banki, kin fi dalar Amurka bakwai. A 1979 aka ɗora miki hoton Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutumin da ya mulki ƙasar nan ya tafi bai tara abin duniya ba. Na kan ce wanda ya haɗa ku ya yi hangen nesa, don ga shi ke ma kin ƙare ba ki da komai. A zamanin Shagari litar fetur kwabo 20 ce, ke kaɗai kina zuba wa Fijo kusan rabin tanki. Albashi mafi ƙanƙanta na 1981 naira 125 ne, wato irinki 25 sun sallami ma'aikaci har wata ya ƙare. Na 2024 naira 70,000 ne. Sai an tara irinki 14,000 a buhu, kuma mai buhun ba zai kai tsakiyar wata ba.

Na san za ki ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To ai ban ji ba, Gwaggo.

Ciwon ya kama ki sosai daga 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, aka saki naira kasuwa ta yanka mata farashi. Daga nan kullum sai an haifo miki ƙanne da suka fi ki jiki: Wazobiya, wato Hamsin, a 1991, Ɗari a 1999, Ɗari Biyu mai hoton Sardauna a 2000, Ɗari Biyar a 2001, Dubu a 2005. Kowace sabuwar haihuwa sai an matsar da shimfiɗarki kusa da ƙofa. A 2007 aka goge miki rubutun ajami, wanda da shi tsofaffinmu da ba su yi boko ba suke gane ki. A 2009 aka mayar da ke leda, wai don ki daɗe ba ki yage ba. Kin kuwa daɗe. Abin da ba a taɓawa yaya za a yi ya yage?

Shekarun da kika fi yi wa talaka rana su ne na fiya wata. Leda ɗaya, biyar, an daɗe a haka, har mutane suka ɗauka farilla ce. Ranar da ledar ruwa ta koma goma, ranar kika rasa aikinki na ƙarshe. A 2012 Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya so a mayar da ke kuɗin ƙarfe tare da Goma da Murtala, wato Ashirin, a kuma fito da takardar naira 5,000 mai hoton mata uku, cikinsu har da Hajiya Gambo Sawaba. Mutane suka yi ca, Shugaba Jonathan ya dakatar. Da aka tashi sauya fasalin kuɗi a ƙarshen 2022 kuwa, ko kallonki ba a yi ba. Ɗari Biyu da Ɗari Biyar da Dubu aka yi wa sabon rini. Muka kwana a layin ATM, muka sayi naira da naira a wurin masu POS, har sai da Kotun Ƙoli ta shiga tsakani a Maris ɗin 2023. Ko a wancan fari na tsabar kuɗi, da mutum zai yi kuka da hawaye don ya ga ɗari biyar, ban ji wanda ya yi kewarki ba. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta yi ta hawa har ta haye dubu. Na yi lissafi, a wannan farashi rabonki bai wuce cokalin shayi ɗaya na fetur ba.

Amma tafiyarki ba ke kaɗai ta shafa ba, kuma wannan ne ainihin ƙorafina. Da kina nan, mai kanti kan ƙara biyar a kan kaya, mu yi tsaki mu biya. Yanzu da ba ke, ba Goma, Murtala ma sai an tona, tsanin farashi ya rasa matakalansa na ƙasa. Abin hamsin in zai tashi sai ya dira a ɗari. Mai Keke Napep ba ya ƙara ashirin, hamsin yake ƙarawa, hujjarsa kuma ɗaya ce: "Ba canji." In canjin ya rage, a miƙo maka alewa ko dunƙulen magi, ko a ce "ka biyo ni", bashin da ba a taɓa biya. Babu wata ma'aikatar da ta sa wannan haraji, babu majalisar da ta zauna a kansa, amma matar da ke sayen gishiri da daddawa ƙulli-ƙulli ita ta fi kowa biyansa.

Sai kwanan nan na gane inda kike, kuma gaskiya na ji kunya a madadinki. Ashe banki kika koma da zama, ke da su kwabo da muka daɗe da yi wa addu'a. Mutum ya danna lambobi a ƙaramar wayarsa don ya tura kuɗi, a cire masa naira 6 da kwabo 98. Kwabo 98, Gwaggo! Shekaru aka yi, in ya tura dubu biyu wani banki, sai a cire naira 10 da kwabo 75. Saƙon da za a gaya masa an cire ɗin ma, da naira 4 ne, a 2025 ya koma 6. A can ba a taɓa cewa ba canji. Kwamfuta ba ta ba da alewa, ba ta cewa "ka bar shi kawai". Idan mu ke bin canji, kin mutu tun tuni. Idan mu za a cira, sai ki tashi garau da ƙuruciyarki, har da jikoki. Wannan wace irin zumunta ce?

Saboda haka ina roƙonki ki zaɓi ɗaya. Ko ki dawo kasuwa ki zauna cikin mutane, mu san muna da ke, ko ki sa a fito a faɗa mana gaskiya cewa kin riga mu gidan gaskiya, a raba gado, bankuna su daina karɓar kuɗi da sunan mamaciya.

In kin haɗu da Dubu a can cikin rumbun Babban Banki, ki ja ta gefe ki ba ta labarinki. Har yanzu tana yauƙi wai ita ce babba a gida, ba ta san mudun shinkafa ya daina gaishe ta ba.

Ki gaida Goma da jiki.

Naki ɗan ɗan'uwa,
Mai bin bashin canji